Buntun Shinkafa Na Jiran Mai Bincike, Mai Bincike Na Jiran Biza

Kusan kowane mako sai an turo mana tallar gurbin bincike a zaurenmu na WhatsApp: ana neman masanin batir a Jamus, ko mai nazarin farantin sola a jami'ar KAUST ta Saudiyya. Shekarata biyu ina bibiya, ban ga irinta daga gida ba. To, wai mu ba mu da abin bincika ne?

Ku zo mu leƙa fadamar Zauro. Tun da aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Kebbi a 2015, kamfanin WACOT kuma ya buɗe injin casarsa a Argungu a 2017, shinkafa ta zama babbar harka a kwarin Rima. Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera buntu ne. Idan aka ƙona shi da kula, a zafin maki 500 zuwa 700 na Salshiyas, sama da kashi 80 na tokarsa sinadarin silika ne, wanda ake gaurayawa da siminti don ƙara masa ƙarko, ake kuma tace ruwa da shi. Idan wutar ta zarce, sai silikar ta sauya tsari, amfaninta ya ragu, ƙurarta kuma ta cutar da huhu. Gano wannan iyaka aikin masanin sinadarai ne, da na fizis, da na kimiyyar kayan ƙira.

Matsalar tana cikin tsarinmu. A jami'o'inmu, in ka ce "mai bincike" kana nufin lakcara: sai ya gama da aji da tulin takardun jarrabawa, sannan ya shiga ɗakin gwaji da guntun ƙarfinsa. A Turai kuwa, kuɗin bincike kan zo da albashin matashin da zai yi shekara biyu ko uku ba ya komai sai wannan aiki. Tallafin ƙaro karatu na TETFund na wanda ya riga ya zama ma'aikaci ne. Wanda ya gama digiri na biyu yana waje fa? Sai ya kama koyarwa a firamare mai zaman kanta, ko ya nemi fasfo.

Na san za a ce babu na'urori. Gaskiya ne, ni kaina sai da na aika samfurina wata jiha, na yi wata biyu ina jiran sakamako. Amma na'urar da ba a ɗauki mai kula da ita ba, ƙura za ta sha.

Muna da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da ta kimiyya a Aliero, da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru. Su zauna da masu injinan casa, a buɗe ko da gurabe uku ne na shekara biyu, da albashi, a tallata su a fili, a ɗauka bisa cancanta. In ba haka ba, buntu zai ci gaba da hayaƙi a bayan gari, wanda ya san sirrinsa yana layin biza a Abuja. Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.