Dogon Jira Bai Tsufa Ba

Duk inda masu rubuta manhaja suka taru, da ka ce bot ɗinka na Telegram ta hanyar dogon jira yake karɓar saƙo, sai wani ya taɓe baki ya ce ai wannan aikin 'yan koyo ne, gwanaye webhuk suke yi. Ni ban yarda ba.

Tarihin a gurguje: a 1988 Jarkko Oikarinen ya ƙirƙiro tsarin hira na IRC a Finlan, inda layi ke zama a buɗe, saƙo na kwarara. Da hira ta koma cikin burauza sai aka tarar HTTP ba ya barin sabar ta fara magana sai an tambaye ta. Daga nan dabarar riƙe tambaya, wato dogon jira, ta samo asali, wadda Alex Russell ya sa cikin abin da ya kira Comet a 2006. WebSocket, mai barin layi a buɗe a burauza, ya zama ƙa'ida a 2011. Da Telegram ta buɗe wa masu bot ƙofa a 2015, hanyoyi biyu ta bayar: ko ka je ka ɗauko da getUpdates, ko a kawo maka ta webhuk.

Mu duba getUpdates da kyau, don a nan gwanintar take. Kana aika tambaya tare da timeout, wato wa'adin jira, a ce daƙiƙa talatin. In babu sabon abu, sabar ba ta sallame ka, tana riƙe da kai. Saƙo na faɗowa take miƙo maka shi nan take, shi ya sa zancen wai hanyar tana da jinkiri bai da tushe. Amma abin da ya fi burge ni shi ne offset. Kowane abu da ya faru, saƙo ne ko danna maɓalli, yana zuwa da lambarsa. Ka gama aiki da lamba 500, sai ka koma da 501. Wannan lambar, wato offset, ita ce tambayarka ta gaba, ita ce kuma rasit ɗin abin da ya wuce. Muddin ba ka ɗaga ta ba, Telegram na ajiye maka kayanka har awa 24, kuma a tafiya ɗaya kana iya kwaso har guda 100. Wuta ta ɗauke da tsakar dare, ta dawo da hantsi, bot ya tashi ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Shi kuwa webhuk sai kana da adireshi na fili a intanet, da HTTPS, da ɗaya daga cikin tashoshi huɗu: 443, 80, 88 ko 8443. Mai dogon jira kwamfutar ɗakinsa da datar wayarsa sun ishe shi.

Na amince da abu guda: mai jira ɗaya ake yarda da shi ga kowane bot, in ka kunna biyu sai ka ci karo da kuskure 409. Wanda ke da jama'a masu ɗimbin yawa yana da hujjar sauya hanya. Mu nawa ne haka? Har yau ma manhajojin Matrix da irin wannan jiran suke karɓar hira.

Abin da nake karewa a ƙarshe shi ne wanda ke riƙe da lissafi. A dogon jira, kai ne ke cewa na karɓa, a lokacin da ka shirya. Kafin ka yi hayar sabar don a ce kai ma gwani ne, fara ƙware a offset.