Hatimi da Lamba Gagara-raba: Tsokaci Kan Lissafi a Ƙagaggun Labaranmu

Duk wanda ya saba karanta ƙagaggun labaran Hausa ya san inda hatimi yake fitowa, wato a zauren boka ko malamin tsibbu, ana ƙulla makircin kishiya. A wannan ɗan sharhi muna son nuna cewa marubutanmu sun riƙe ɓawon hatimi, sun yar da ƙwayarsa, wadda ita ce lissafi.

Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci wajen 1732 kan tsara hatimi. Gaskiya ne ya haɗa da ilmin haruffa, amma ƙa'idar lissafinsa ba ta da shakka. A hatimi mai gida 3 kowane gefe, kowane layi yana ba da 15. Mai gida 5 yana ba da 65. Mai gida 7 kuwa 175.

Waɗannan lambobi, 3 da 5 da 7, suna da wata siffa guda: babu mai raba su daidai sai 1 da su kansu. Mu kira irinsu gagara-raba. Tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Yuklid na ƙasar Girka ya tabbatar da cewa ba su da iyaka. A Oktoba 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano wata ƙatuwa da taimakon kwamfutoci masu yawa. Ana samun ta ne in aka jera lamba 2 har guda 136,279,841, aka ninka su da juna, sannan aka cire 1. Alƙalumanta 41,024,320 ne. Da mai rubuta alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa zai zauna ba barci, sai ya haura shekara guda da wata uku bai gama ba. Abin sha'awa, ita ma 136,279,841 gagara-raba ce, domin sharaɗi ne a irin waɗannan lambobi.

To, me ya haɗa wannan da adabi? Jigon neman abin da ya gagara shi ne ƙashin bayan *Ruwan Bagaja*. Ɗalibin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana farautar lamba ɗaya, yana faɗuwa yana tashi, bai gaza tauraron labari ba. Matuƙar labaranmu suna nuna mai zana lambobi a matsayin matsafi kurum, muna koya wa ƙannenmu tsoron lissafi ne, muna kuma binne gadon al-Kashinawi.

Saboda haka muna kira ga ɗalibai marubuta a Jami'ar Jihar Gombe su leƙa sashen lissafi, su kuma zauna da malaman zaure na Jekadafari da Bolari. Labarin yana nan, mai rubuta shi ake jira.