Matsalar Fassara Aikatau "Forestall" Zuwa Hausa

Daga cikin kalmomin Ingilishi da masu fassarar labarai suke yi wa riƙon sakainar kashi akwai aikatau "forestall". Da zarar mai fassara ya ci karo da ita sai ya rubuta "hana" ya wuce, kamar yadda yake yi wa "prevent" da "stop". To, amma "hana" ba ta damu da lokaci ba. Ana iya hana mutum magana kafin ya buɗe baki, ana kuma iya hana shi bayan ya yi nisa a cikinta. Ita kuwa "forestall" lokaci shi ne ƙashin bayanta: wani ya hango abin da ke tafe, ya yi sauri ya aikata wani abu, har abin da ke tafen ya rasa wurin sauka.

Tarihin kalmar ya tabbatar da haka. A tsohon Ingilishi ma'anarta ita ce yi wa matafiyi kwanton ɓauna a hanya. Tun daga ƙarni na 13 kuma ta zama sunan wani laifi a dokokin kasuwancin Ingila, wato mutum ya fita bayan gari ya tari masu kawo hatsi ko kifi, ya saye kayan kafin su iso kasuwa, don ya sayar da tsada. Sai a shekarar 1844 majalisar Ingila ta soke wannan laifi baki ɗaya. Almajirin da ya karanta babin ciniki a littattafan fiƙihu ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin shari'a ta hana tarar ayari a hanya a saye kayan fatake kafin su san farashin kasuwa. Ke nan hoton da ke cikin kalmar, na mai tare hanya, Bahaushe ya daɗe da saninsa.

Ga misali na inda "hana" take ɓata zance. A watan Yuli na 1974 kwamitin shari'a na majalisar wakilan Amurka ya amince da tuhume-tuhumen da za a tsige Shugaba Nixon a kansu. Kafin majalisar ta zauna ta jefa ƙuri'a, sai ya sauka daga mulki ranar 9 ga Agusta. Baturen da ya ce murabus ɗin ya yi "forestall" ɗin tsigewar daidai ya faɗa. Amma idan aka ce da Hausa "ya hana a tsige shi", mai sauraro zai ɗauka mutumin ya fi ƙarfin majalisa ne, ya taka mata birki, alhali kuwa gudu ya yi. Abin da ya dace shi ne "ya riga majalisa, ya sauka tun ba ta tsige shi ba".

Wannan "riga" da wannan "tun ba" su ne kayan aikin da Hausa ta tanada. Akwai kuma "shan gaba" idan ana tsere ne, da "katse hanzari" idan hujjar mutum aka toshe tun bai kawo ta ba. Wasu sukan garzaya ga "rigakafi", kuma ba su yi nisa da gaskiya ba, tun da yake kalmar ta haɗa "riga" da "kafi", shingen da akan kewaye gari da shi tun mahara ba su zo ba. Sai dai suna ce ba aikatau ba, ga shi kuma ma'aikatan lafiya sun kusa mallake ta, har in aka ce shugaba ya yi rigakafi sai a zaci allurar ƙyanda ko ta shan-inna ake nufi.

Uzurin da akan kawo shi ne ƙurewar lokaci a ɗakin labarai, da kuma son a sami kalma ɗaya a madadin kalma ɗaya. Uzuri na farko abin dubawa ne. Na biyu kuwa ba shi da tushe, domin "tun ba ta tsige shi ba" ba ta fi daƙiƙa biyu a bakin mai karanta labarai ba.