Jinkiri Uku, Mugu Ɗaya

A 1994 Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka fitar da wani bincike kan mutuwar mata wajen haihuwa. Sun nuna cewa jinkiri uku ne ke halaka mace mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda kuma sau da yawa takan tashi da yoyon fitsari.

Mutane ƙalilan ne a karkara za su taɓa ganin wannan takarda. Labari ne ke kai musu saƙon. Shirin rediyon Gugar Goge, wanda ƙungiyar Population Media Center ta gabatar a Kano da Kaduna daga 2006, da fim ɗin Dry na Stephanie Linus, sun yi wannan aiki. Sun fito da ciwon da ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki, sun sanar da cewa tiyata na warkar da shi. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne.

Sai dai duk wanda ya tura hoto ta WhatsApp ya san ana matse shi kafin ya isa, wani abu yana zubewa a hanya. Haka labari ke yi wa bincike. Abin tambaya shi ne, me ya zube?

Gugar Goge an gina shi a kan tsarin Miguel Sabido, ɗan ƙasar Meziko: mutumin kirki, mutumin banza, da na tsakiya wanda zai gane gaskiya a ƙarshe. Tsarin ya dace da jinkiri na farko, domin yana da fuska: uba mai aurar da yarinya, miji mai taurin kai. Dry ma a kan auren wuri ya ɗora mafi yawan nauyinsa. Amma gadar da ruwa ya cinye ba ta da fuska. Haka rashin jini a asibiti, da likitan da babu shi da tsakar dare. Mai kallo sai ya tashi da fahimtar cewa jahilcin iyali ne kaɗai matsalar, alhali binciken ya ɗora kashi biyu cikin ukun jinkirin a kan hanya da asibiti.

Illar a fili take. Mijin da ya ji wa'azin, ya ɗauko matarsa da wuri, ya tarar ba mai yi mata aiki, ba zai sake yarda da rediyo ba. Masu riƙe da kasafin kuɗi kuwa sun fita daga labarin salin alin.

Marubutanmu na iya gyara wannan. A rubuta iyalin da suka yi komai daidai, amma aka rasa mota, aka rasa jini. Labarin zai fi wuyar rubutawa, domin babu wanda za a tsine wa a tsakar gida, amma shi ne ya fi kusa da abin da aka gano.