Awon Baka Ba da Igiya Ba

Ka zana wa mutum da'ira, ka ce ya auna maka wani yanki na gefenta, za ka ga ya tashi neman igiya. Gwanin lissafi kuwa kusurwa zai duba, ya faɗi amsa yana zaune.

Da'ira digiri 360 ce. Yankin gefenta, wato baka, don ya yi kama da bakan maharbi, digirinsa daidai yake da kusurwar da ya buɗe a cibiya. Wannan ko ɗan koyo ya riƙe. Gwaninta tana bayyana ne idan kan kusurwar ya bar cibiya ya zauna a gefen da'irar, domin a nan rabin bakan da take kallo ce. Kusurwa 35 a gefe, baka 70 ke nan. Abin da har yau yake ba ni sha'awa shi ne, ka yi ta jan kan kusurwar a ragowar gefen yadda ka ga dama, muddin ƙafafunta biyu suna inda suke, ba za ta ƙaru da ko ƙwayar gero ba. Masanin lissafi Yukilid ya kafa hujjar wannan a kashi na uku na littafinsa, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa.

Sauran ƙa'idojin 'ya'yan wannan ƙa'ida ne. Layi biyu suka gitta a cikin da'ira, kusurwarsu rabin jimillar bakan da take kallo da na bayanta ce. Suka haɗu a waje, rabin bambancinsu. Ɗalibin da ya gane uwar ba ya wahalar haddace 'ya'yan a daren jarrabawar WAEC.

Wanda ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne Eratostenis, shugaban ɗakin karatu na Iskandariya. An san cewa a garin da yau ake kira Aswan, ranar da yini ya fi tsawo a shekara, sanda ba ta da inuwa da tsakar rana. A Iskandariya kuwa inuwar ta karkata da kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, digiri 7.2. Da yake hasken rana a jere yake saukowa, sai ya gane cewa wannan kusurwa ita ce tsakanin garuruwan biyu a can cibiyar ƙasa, inda ba mai iya zuwa. Tazararsu sitadiya 5,000 ce a ma'aunin Girkawa. Ya ninka sau 50, kewayen duniya ya fito masa sitadiya 250,000.