Ma'aikatan Gidan Tarihi na Boubou Hama a Yamai

An kafa Gidan Tarihi na Ƙasa na Nijar a Yamai a shekarar 1959, gab da samun 'yancin kai, daga baya aka sa masa sunan Boubou Hama, marubucin da ya shugabanci majalisar dokokin ƙasar. Ma'aikatansa sun cancanci jinjina, domin sun mai da shi wurin da talaka ke shiga ba tare da ɗari-ɗari ba.

A harabarsa an kafa gidaje da bukkoki irin na Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye kusa da juna. Yaron da ya taso a Damagaram yakan leƙa tantin Buzu ya ga yadda ɗan ƙasarsa ke kwana, abin da darasin aji ba ya iya nuna masa.

Babban abin yabo shi ne rumfunan masu sana'a. Maƙerin azurfa na zaune gaban wutarsa yana goge abin wuyan nan na Agadas, baduku na yanka jar fata yana ɗinka jaka, masaƙi na jefa ƙoshiya, baƙo kuwa ya tsaya ya yi ciniki. An ba naƙasassu gurbi a cikinsu, suna cin guminsu. Akwai kuma cibiyar koyar da yara sana'a.

Sauran abubuwan kallo sun haɗa da ƙasusuwan dabbobin zamanin da, da namun daji, da kututturen bishiyar Tenere wadda mota ta kayar a 1973. Lokacin bukukuwan salla iyalai kan cika wurin maƙil.