Tsohon Soja a Bakin Kabari: Sharhi a Kan Fim Ɗin Saving Private Ryan

Fim ɗin nan da Steven Spielberg ya fitar a 1998 ya buɗe ne da wani dattijo, Ryan, yana ratsa maƙabartar sojan Amurka ta Normandi, a ƙasar Faransa, inda kaburbura fiye da 9,000 suke jere. Kabarin Kyaftin Mila yake nema. A 1944 aka tura Mila da mutum bakwai su nemo Ryan a fagen daga, saboda an kashe 'yan'uwansa uku. Shida daga cikin takwas ɗin ba su koma gida ba.

Jigon fim ɗin kuwa shi ne bashin da matattu ke bin rayayyu. Sai dai zubinsa yana da rauni. Daga idon dattijon aka kai mu saukar sojoji a gaɓar Omaha ranar 6 ga Yuni, kamar shi yake tunowa, alhali Ryan sojan laima ne, bai halarci wurin ba. An yi wa ɗan kallo rufa-ido ke nan.

Rauni na biyu ya fi wannan girma. Da dattijon ya tambayi matarsa ko ya yi rayuwar kirki, nan take ta amsa masa, kiɗa ya tashi, tuta ta kaɗa. A ganinmu an yi gaggawar sauke masa nauyin. Wanda ya cancanci ba da amsar yana kwance cikin kabari, da an bar tambayar a rataye da fim ɗin ya fi ratsa zuciya.